GUZURIN MATAFIYI DA HUKUNCIN CANJIN KUƊI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, Allah ya sauƙaƙa mana tafiya a wannan zamani. Kakanninmu sukan tashi daga ƙasar Daura a ƙafa, su ratsa Barno da Cadi, su yada zango a Sudan suna aikin auduga shekara da shekaru kafin su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Yau kuwa mutum ya yi Asuba a nan Kusugu, ya hau jirgi a Kano, kafin wata Asubar yana ƙasa mai tsarki. Wani Umra ta kai shi, wani hutu a Masar ko Dubai, wani kuwa zumunci ne a Damagaram, ya bi ta Kwangwalam. Dukansu sai sun taɓa kuɗin da ba naira ba, kuma a nan ne mutum kan kwaso zunubi bai sani ba.

Farkon al'amari shi ne guzuri. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, cewa mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri, wai su masu tawakkali ne, in sun isa Makka sai su shiga roƙon mutane. A kansu aka saukar da umarnin yin guzuri a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. To, guzuri yana tafe da lissafi. A Hajjin 2024 dala 500 aka tsayar a matsayin guzurin kowane maniyyaci na Nijeriya. Tun 1986 ana canza dala ɗaya a kan riyal 3.75, watau riyal 1,875 ke nan. In daga ciki zai yi hadaya, wadda kuɗinta ya haura riyal 700, abin da ya rage shi zai riƙe shi wajen wata guda. Wanda ya ƙarar da shi a makon farko a kasuwannin Madina wajen tsaraba da haƙorin Makka, ina zai nufa? Bara kuwa laifi ne a dokar Saudiyya, ana kama mutum a kansa.

Sa'an nan akwai guzurin waɗanda aka bari a gida. Ba ya halatta magidanci ya tafi shan iska ya bar iyali ba hatsi, ko ya tsallake bashin da lokacin biyansa ya yi ba da iznin mai shi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zauna tun da wuri ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi, da bankunan da kuɗinsa suke, domin yanzu dukiyar mutum takan kasance cikin waya, in ta Allah ta kasance magada ba su san inda za su dosa ba.

Inda na fi so mu tsaya shi ne canji. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Maliku ɗan Ausu ya nemi canjin dinari 100, suka daidaita da Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi. Ɗalhatu ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannu, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba. Sayyidina Umar yana ji, sai ya rantse cewa ba za su rabu ba sai an biya, ya kuma sanar da su cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana musayar zinariya da azurfa sai hannu da hannu. Ku duba fa, Ɗalhatu yana cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna, ba wanda yake tsoron zai ci kuɗin wani, amma duk da haka ba a ɗaga masa ƙafa ba.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta yanke cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa. Saboda haka naira jinsi ce, dala jinsi, riyal jinsi, sefa jinsi. In jinsi ya bambanta, farashi na ciniki ne, a yi tayi a yi albarka, ribar ɗan canji halal ce. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya karɓi nasa kafin a tashi daga wurin. "Kawo nairar yau, ka dawo jibi ka karɓi dala" riba ce, haka nan karɓar sefa a bakin iyaka a kan za a biya da naira in an dawo. Malaman Malikiyya sun fi kowa tsanantawa a nan. Wanda yake ganin tsananin ya yi yawa, ya tuna cewa kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta wuce 1,500. Abota nawa ta mutu a tsakanin nan saboda canjin da aka bari a rataye? Af, naira da naira kuwa ba a yarda da ƙari ba ko kaɗan, don haka masu sayen sababbin takardu na liƙi da biyan ƙari su sani riba suke bayarwa.

Turawa ta waya fa? Wannan majalisa ta bayyana a 1990 cewa shigar kuɗi cikin asusun mutum na banki daidai yake da karɓa a hannu. To, kada a rabu sai an tabbata sun shiga, domin hoton takardar shaida ba kuɗi ba ne.

Akwai kuma abin da ya yawaita, a ba wani ɗan kasuwa naira a Daura a ce wakilinsa zai ba da riyal a Makka. Magabata sun san makamancinsa, suna ce masa suftaja, kuma a Mukhtasar Shaihu Halilu bai yarda da ita ba sai in tsoron hanya ya game. Amma tasu jinsi ɗaya ce, tamu kuwa ta haɗa canji da jinkiri. Mafita ita ce a ƙare canjin a zama ɗaya, a san riyal nawa ne, a shigar da su da sunanka, ko kuwa ka naɗa shi wakili ya canza maka a farashin ranar da ya canza, kuɗin suna amana a hannunsa. Kowanne aka zaɓa, a rubuta, a kafa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, wadda ke biye da ita kuma ta ambaci matafiya da ba su sami marubuci ba, ta ce a riƙe jingina.

Katin banki wanda kuɗinka ne a ciki babu laifi a kansa, abin da banki ke cira ladan aiki ne. Amma katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa in an makara, majalisar ta haramta shi a zamanta na Riyad a 2000, ko da mutum ya ƙudurta zai biya a kan lokaci. A tambayi banki iyakar abin da kati zai iya biya a waje tun ana gida, a raba kuɗi wuri biyu, wanda ya ɗauki abin da ya wuce dala 10,000 ya bayyana wa kwastan. A 2025 an so a ba alhazai guzurinsu a kati, daga baya Babban Banki ya yarda a ba su a hannu, kuma a ganina an yi daidai. Tsohuwar da ta fito daga ƙauyen Baure ko Sandamu, ba ta karatun boko, in ta tsaya gaban na'ura dole ta miƙa katinta da lambar sirrinta ga wanda ba ta sani ba. Wanda kuma aka ba ajiya a hanya ya ƙirga a gaban shaidu, domin shari'a ba ta ɗora masa biya in ta ɓata ba da sakacinsa ba, kuma daga nan zargi kan taso.

Wanda ya kiyaye duk wannan, sa'an nan aka yi masa sata ko guzurinsa ya salwanta, kada kunya ta kashe shi. Shi ne ibnus sabil da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, yana da rabo a zakka gwargwadon abin da zai mai da shi gida. Malamanmu sun sa sharaɗi cewa tafiyar ba ta saɓo ba ce, in kuma mawadaci ne a garinsu, sai in bai sami mai ranta masa ba. Irin wannan ya fara kai kukansa ga jami'an alhazai na jiharsa ko ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, abokan tafiyarsa kuma masu hali su san cewa zakkarsu ta halatta a kansa.