Miji a Bakin Murhu: Abin da Ake Yi wa Dariya da Abin da Shari'a ta Ce

Daga cikin tsofaffin jigogin wasan barkwanci akwai musanyar matsayi tsakanin ma'aurata, wato a nuna miji ya zauna a gida yana fama da murhu da raino, matar kuma ta fita neman abin da za a ci. Fim ɗin Amurka mai suna Mr. Mom, wanda ya fito a 1983, a kan wannan jigo aka gina shi, inda Michael Keaton ya fito a matsayin injiniyan kamfanin ƙera motoci da aka sallama daga aiki, matarsa ta sami gurbi a kamfanin tallace-tallace, shi kuma ya rikice tsakanin wanki da cefane da kukan yara. Bahaushe bai jira zuwan majigi ba kafin ya san irin wannan raha, domin a tashen watan azumi akwai wasan Mairama da Daudu, inda yarinya kan sa riga da hula ta fito a matsayin maigida, kuma masu barkwancin Hausa na zamanin kaset sun sha ɗaura wa namiji zane don a yi dariya.

Tambayar da ta cancanci nazari ita ce, mene ne ainihin abin da mai kallo yake yi wa dariya idan ya ga magidanci ya ƙona miya ko ya kasa ɗaure majanyi. Idan rashin iyawarsa ne, to dariyar tana ɗauke da shaida mai daraja, domin ta tabbatar da cewa aikin gida ilimi ne da ake koyo shekara da shekaru, wanda ya raina shi kuma ranar da ya kama muciya zai gane kurensa. Idan kuwa aikin kansa ake yi wa dariya, a ɗauka cewa duk namijin da ya taɓa tukunya ya zubar da girmansa ya zama mijin-ta-ce, to an yanke hukunci a kan wani abu da addini ya riga ya yi magana a kansa, kuma maganar addinin ta saɓa wa wannan hukunci.

Sabon Garin Zariya ya isa misali a kan cewa ƙyamar ba daga aikin take ba. Unguwar ta kafu ne bayan zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910, ta cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani, da yawansu ba su zo da iyali ba, kuma har yau maza ne masu shayi da masu tsire da masu wanki da guga da 'yan ga-ruwa, kamar yadda maza ne suka riƙe aikin kuku a gidajen Turawa. Babu wanda yake kallon mai shayin da ya soya ƙwai hamsin kafin hantsi a matsayin wanda ya rasa mazantaka, amma idan mutumin nan ya koma gida ya soya guda biyu don matarsa tana jego, maganar tana iya kaiwa majalisar ƙofar gida. Abin da ya bambanta ayyukan biyu shi ne a na farko an biya shi, a na biyu kuwa ya yi wa mace hidima, kuma a nan ne al'ada ta ajiye abin kunyar.

A Sahihul Buhari an ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta bayyana cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi ya fita, kuma a ruwayar Imamu Ahmad an ambaci ɗinke tufafinsa da gyara takalminsa. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a makarantun zaure na birnin Zazzau, sun yi tafsili a kan wannan batu: a littattafan Risala da Muhtasar an nuna cewa miji mai wadata wajibi ne ya samar wa matarsa mai yi mata aiki idan irinta ake yi wa hidima, in ba haka ba sai ta ɗauki hidimar cikin gida kamar kwaɓa da shara da gyaran shimfiɗa, amma ba a tilasta mata sana'ar da za ta kawo wa miji kuɗi. Shafi'iyya sun tafi a kan cewa hidimar ba wajibi ba ce a kanta, Ibnu Taimiyya kuma ya mayar da al'amarin ga urfi, wato abin da mutanen wuri suka saba da shi matuƙar bai ci karo da nassi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fi kowa zafi a nan, domin a Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu cikin jahilci suna ɗora musu girki da wanki kamar waɗannan ne hanyar tsirarsu. Duk da wannan saɓani, babu ɗaya daga cikinsu da ya mayar da girki haramun ga namiji.

Masu ƙin irin waɗannan finafinai sukan kafa hujja da hadisin Ibnu Abbas inda Annabi ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, abin da malamai ke kira tashabbuhi, wato kwaikwayon ɗaya jinsin a sutura da tafiya da salon magana. Hujjar tana da ƙarfi a kan ɗan wasan da ya ɗaura zane yana karairaya, sai dai ba ta shafi magidancin da ya hura wuta da rigarsa da hularsa ba. Babban laifin barkwancin shi ne ya haɗa abubuwan nan biyu a jiki ɗaya, har mai kallo ya tashi da fahimtar cewa taimakon iyali da zama ɗan daudu abu ɗaya ne, kuma wannan ɓarna ce ta gaske, domin tana hana mutanen kirki aikata sunna don tsoron bakin mutane.

Ɗaya ɓangaren musanyar, wato mace ta ciyar da gida, shi ma yana da asali. Aya ta 34 a Suratun Nisa'i ta danganta ƙiwama, wato tsayuwar miji a kan al'amuran iyali, da ciyarwar da yake yi, amma Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta kasance tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka kuma sanar da ita cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ba a ce wa Ibnu Mas'ud ya sauka daga matsayinsa ba, ba a kuma ce dukiyarta ta zama tasa ba. A Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, gidajen da albashin malama ko ma'aikaciyar jinya yake riƙe da su ba baƙon abu ba ne, kamar yadda durƙushewar reluwe da matsin tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 suka zaunar da magidanta da yawa a Sabon Gari, matansu suka riƙe gida da sana'ar ƙosai da ɗinki da ƙulle-ƙulle.

Fim yakan warware wannan hali cikin sauƙi, miji ya koma aikinsa kafin a tashi, kowa ya huta. Sashen wasan kwaikwayo na jami'ar, wanda Michael Etherton ya jagoranci kafawa a tsakiyar shekarun 1970, ya bi wata hanya dabam, inda ɗalibai kan shiga unguwannin Samaru su tattaro matsalolin mutane, su mayar da su wasa a fili, sannan a buɗe tattaunawa da 'yan kallo. Wannan hanya ta fi dacewa da batun ma'aurata, domin magidancin da aka sallama daga reluwe bai da tabbacin za a sake kiransa, kuma shi da matarsa za su ci gaba da raba aikin gida da kuɗin cefane shekaru masu yawa, a gaban surukai da maƙwabta waɗanda mafi yawansu sun fi sanin abin da fim ya nuna fiye da abin da ke cikin Risala.