Shaidar Tsohon Ƙarfe

A shekarar 1986 aka kashe wutar manyan tanderun narka ƙarfe na garin Folklingen, a yammacin Jamus kusa da iyakar Faransa. Tun 1873 aka kafa wannan ma'aikata, kuma an yi zamanin da mutum fiye da 17,000 ke cin abinci a cikinta. Abin da aka saba yi wa irin wannan wuri in aiki ya ƙare shi ne a kira masu sayen tsohon ƙarfe, a yayyanka, a auna, a kwashe. Hukumomin yankin ba su yi haka ba. Suka bar tanderun nan shida a tsaye, da bututunsu da injunan hura iska, har a 1994 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Mutane suka riƙa biyan kuɗi suna shiga, suna hawa matakala suna leƙa inda dā wuta ke ci dare da rana.

Mai hankali zai iya tambaya, ina amfanin wannan? Tsatsa ba ta hutu, kowace shekara sai an zuba kuɗi kafin ƙarfen ya ci gaba da tsayuwa, alhali garin da ya rasa sana'a abinci yake nema. Amsar da aka fi bayarwa ita ce baƙi za su zo, masu masauki da masu abinci za su samu, 'yan makaranta kuma za su ga yadda ake narka ƙarfe da idonsu. Duk gaskiya ne, amma bai kai hujja ba, don masu sayar da tikiti a bakin ƙofa ba za su taɓa kai yawan waɗanda dā ke aiki a ciki ba. In don riba kaɗai ake adana tsohuwar ma'aikata, a wurare da yawa mai sayen ƙarfe ya fi gaskiya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce shaida. Sarki yana barin fada, malami yana barin littafi, attajiri yana barin gida da sunansa a kai. Lebura ba ya barin kome sai wurin da ya zubar da guminsa. In aka rushe wurin, jikansa ba shi da abin nunawa. Saboda haka tsohuwar ma'aikata mai ba da shaida ce, kuma mai shaida yana da sharaɗi guda: ya faɗi abin da ya gani duka. Wanda ya faɗi rabi ya ɓoye rabi, alƙali ba zai ce da shi mai gaskiya ba, ko da kowace kalmar da ta fito daga bakinsa daidai ce.

To, ga abin da tanderun Folklingen suka gani. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kawo mutum fiye da 12,000, maza da mata, daga Rasha da Faransa da wasu ƙasashen da Jamus ta mamaye, aka sa su aikin tilas, fiye da 250 suka mutu, cikinsu har da ƙananan yara. Bayan yaƙi kotun sojan Faransa ta hukunta mai ma'aikatar, Hermann Röchling, da laifin yaƙi. Duk da haka an daɗe baƙo yana shiga ya fita, injuna ne suka fi cika masa ido. Sai a 2018 wani mai fasaha Bafaranshe, Christian Boltanski, ya shirya wurin tunawa a cikin ginin kansa, inda aka jera akwatuna masu lamba har sama, ana jin murya ƙasa-ƙasa tana kiran sunayen mutanen. An makara, shekara fiye da 70 bayan yaƙin, amma dai an yi, kuma an yi shi a inda abin ya faru.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, kamar yadda labarin tsibirin Hashima na ƙasar Japan ya nuna. Ɗan tsibiri ne a teku kusa da Nagasaki, wanda kamfanin Mitsubishi ya saya a 1890 don haƙar kwal. A 1959 mutum fiye da 5,000 ke cunkushe a kansa cikin dogayen benaye. Aka rufe ramin a 1974, kowa ya watse, sai a 2009 aka fara kai 'yan yawon buɗe ido. Da Japan ta nemi a sa shi cikin jerin UNESCO tare da wasu tsofaffin ma'aikatunta, Koriya ta Kudu ta tashi tsaye, don an kai Koriyawa aiki a irin waɗannan wurare a lokacin yaƙi. A 2015 wakilan Japan suka amsa a gaban taro cewa an kawo mutane da yawa ba da son ransu ba, an sa su aiki cikin wahala, suka yi alkawarin za a bayyana wa baƙi. Aka sa wurin a jeri. Cibiyar bayanin da aka yi alkawari kuwa sai a 2020 ta buɗe, a Tokyo, nesa ƙwarai da tsibirin, kuma a 2021 kwamitin UNESCO ya nuna takaicinsa a fili cewa ba a cika alkawarin yadda ya kamata ba. Benayen suna nan, jirage na kai masu ɗaukar hoto, shaidar ce ta zama guntuwa.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta: waɗanda suka yi zaluncin sun mutu, jikokinsu ba su da laifi, tone-tone ba ya haifar da kome sai gaba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ba a gadon laifi. Amma wanda ya zaɓi ya adana wuri, ya kira duniya ta zo ta gani, shi ya fara tonon. Ba zai yiwu ya gaji alfaharin injin ya ƙi gadon labarin wanda injin ya ci ba. Shi kuwa wanda aka zalunta, ko ɗansa, ba a isa a ce ya yafe abin da ba a yarda an yi masa ba.

Wannan tambaya ta iso ƙasar Nijar ta wata fuska mai wuya. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya rufe ramin haƙar yuraniyom na Akuta, kusa da Arlit, bayan shekara fiye da 40 ana fitar da ma'adini daga zurfin kimanin mita 250, jimilla wajen tan 75,000. Ma'aikata kamar 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Garin Akokan don wannan rami aka gina shi. A nan ba za a iya kwaikwayon Folklingen ba. Tarin dusar ma'adini da aka bari, miliyoyin tan, yana fitar da guba marar launi marar wari, kuma tun shekarun 2000 masu bincike suka sami gurɓataccen tsohon ƙarfe a kasuwar Arlit, inda maƙera ke sayen irinsa. Irin wannan ƙarfe binne shi ake yi, ramin kuma toshe shi ake yi, duk mai son lafiyar yaran garin ba zai nemi wani abu dabam ba.

In ƙarfen ba zai tsaya ya ba da shaida ba, sauran masu shaida su ne mutane da takardu. Akwai rajistar ma'aikata da ta asibiti, akwai hotuna, akwai hular kwano da fitilar goshi da za a iya aunawa a tabbatar ba su da lahani a ajiye a ɗaki guda. Akwai kuma dattawan da suka sauka ramin tun 1978, waɗanda suka san wa ya koya wa wa aiki, wa ya fara tari, wa aka fito da shi a kan makara. Waɗansu suna Akokan, waɗansu sun koma garuruwansu, Agadas da Tawa da Damagaram. Ɗaukar muryar ɗayansu ba ta bukatar fiye da waya da tabarma da yini guda, kuma wanda ya shiga ramin yana ɗan shekara 25 a wancan lokaci yanzu ya haura 70.