Ranar Rabon Aji

Duk shekara, idan yara suka kammala ƙaramar sakandare suka shiga babba, akwai wata rana da nauyinta ya daɗe yana damuna, wato ranar rabon aji. A ranar ne ake cewa wane ya tafi ajin kimiyya, wane ajin adabi da tarihi, wance ajin kasuwanci. Na yi shekaru da alli a hannu, na ga iyaye suna cika ofishin shugaban makaranta, wani da roƙo, wani da faɗa, wani da takarda daga wani babba, duk a kan buƙata ɗaya, a saka ɗansa ajin kimiyya. Ban taɓa ganin uban da ya tako ya roƙi a bar 'yarsa ta karanta tarihi ba. Ni ma da nake wannan magana, lokacin da aka zo kan nawa 'ya'yan, zuciyata can ta karkata. Saboda haka, 'yan uwa, abin da zan faɗa ya haɗa har da ni.

Son ɗa ya zama likita ba aibi ba ne. Ƙasarmu ta daɗe tana ƙishirwar likitoci da injiniyoyi, kuma wannan ƙishirwa ce ta sa jihar Kano ta kafa hukumar makarantun sakandare na kimiyya a 1977, aka buɗe ta Dawakin Tofa da ta Dawakin Kudu. Amma mu tuna yadda aka yi aikin. Da jarrabawa aka tace yaran, aka ba su ɗakin gwaje-gwaje mai kaya a ciki, aka nemo malamai har daga ƙasashen waje. Da yawa daga cikin likitocin da ke duba mu a yau can suka fito. Mu kuwa da muka biyo baya, sunan muka riƙe, wahalar muka bar ta a hanya.

Yau za ka tarar da yaro ya shekara biyu a ajin kimiyya, bai taɓa ɗiga ruwan asid a kwalba ya ga launi ya sauya a gaban idonsa ba. An zana masa kwalbar a allo, ya kwafa a littafi, ya haddace. Sai ana saura mako guda jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO a aro kaya daga wata makaranta, a tara yara tamanin a kan tebur ɗaya. Mun san haka ake yi. Muna biyan kuɗin makaranta, muna zuwa bikin yaye ɗalibai da manyan riguna, amma a cikinmu mutum nawa ne ya taɓa cewa a buɗe masa ɗakin gwaje-gwaje ya leƙa? Idan kuma jarrabawa ta matso, tsoro ya kama mu, sai wasunmu su kwashi yara zuwa makarantun da ake rubuta amsa a allo, su biya, su dawo gida suna godiya ga Allah. Wannan yaron da muka saya wa kiredit biyar, wata rana shi ne zai auna jininmu a asibiti, shi zai faɗi yawan rodin da za a zuba a benen da jikokinmu za su kwana a ciki.

Lissafi kuwa, tsoronsa a gida yaro yake gadonsa. Ya dawo da aikin gida, uwa ta ce ita ma ba ta iya ba, uba ya ce danginsu kaf babu mai kan lissafi, shi ke nan an rufe masa ƙofa tun bai taɓa ta ba. Abin yana ba ni mamaki, domin mu ba baƙin lissafi ba ne. Dillalin hatsi a kasuwar Dawanau yana juya buhu zuwa tiya, tiya zuwa kuɗi, ya cire la'ada, duk a ka, kafin mai na'ura ya gama latsawa. Malamin da ke rabon gado yana aiki da sumuni da sudusi da sulusi, ya nemo asalin da zai raba su duka ba tare da an tauye marainiya ba, kuma wannan shi ne darasin da yaranmu ke gudu a aji. Muhammadu al-Katsinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin murabba'i a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Da muna gaya wa yara wannan, da ba su ɗauki lissafi kayan aro ba.

Inda laifinmu ya fi girma shi ne yadda muka rena darussan zamantakewa, wato tarihi da labarin ƙasa da tsarin mulki da ilimin zama ɗan ƙasa. Mun mayar da ajinsu wurin zuba waɗanda muka yanke wa ƙauna, har yaron da aka kai can yakan shiga gida kansa a sunkuye kamar wanda ya yi abin kunya. A zangon karatu na 2009 zuwa 2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka shafe shekaru kafin a mayar da shi. Malaman tarihi sun yi ta kuka, mu iyaye muka yi shiru, domin ba darasin likita aka taɓa ba. Ga shi mun tashi samari da ba su san abin da ya faru a 1804 ba, ba su san yadda Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa a 1903 ba, balle dalilin haɗe kudu da arewa a 1914. Wanda bai san wannan ba, duk labarin da aka turo masa a waya game da maƙwabcinsa zai haɗiye shi, ya kuma ɗauki sanda a kansa.

Ina yawan tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙura ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Gane cewa dalma ce a jinin yaran aikin mai kimiyya ne. Auna yawanta da ƙididdige maganin da ya dace da nauyin kowane yaro aikin lissafi ne. To, amma wa zai zauna da dagaci da liman da magidanta, ya fahimci talaucin da ya sa mutum ya kai dutsen cikin gidansa, ya shawo kansu a fitar da aikin bayan gari a kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa? Wannan sai wanda ya san mutane da yadda zamansu yake. Da ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, da kaburburan sun fi haka yawa.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kafin ranar rabon aji ta bana, mu zaunar da yaron mu tambaye shi darasin da yake jin daɗinsa, mu saurara har ya gama, sannan mu je mu ji ta bakin malamin da ya shekara uku yana duba littafinsa. Idan kimiyya ce, mu nemi a nuna mana inda zai yi gwaji, in babu kaya mu tayar da maganar a taron iyaye da malamai, mu sa hannu a aljihu kamar yadda muke yi idan rufin masallacin unguwa ya yaye. Idan kuma yarinya ta ce tarihi take so ko labarin ƙasa, mu saya mata littattafanta da sakin fuska, mu raka ta har ƙofar ajin kamar yadda muka raka yayanta.