Halacci ga Kurtun da Bai Dawo Ba

Daren 4 ga Nuwamba, 2016, 'yan Boko Haram suka far wa sojoji a Malam Fatori, suka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali yana da shekara 36. Shi ne ya ja tankokin yaƙin da aka ƙwato Baga da su a 2015. Aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja, manyan hafsoshi na sharar hawaye, kuma ya cancanci haka. To amma ba shi kaɗai aka kai makwanci a ranar ba, akwai ƙananan sojojin da suka faɗi tare da shi. Mutum nawa ne yau zai iya kiran sunan ko ɗaya daga cikinsu?

A kan irin waɗannan ake gane mai halacci. Tuna gwarzon da rediyo ya yayata ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci. Mai wuyar shi ne kurtu, yaron da ya bar gari irin Dandin Mahe don neman abin rufin asiri, aka tura shi bakin Tafkin Cadi ko dajin Sabon Birni, daga baya saƙo ya iso gida. Sau tari uwarsa ba ta ganin gawa. Za a shimfiɗa tabarmi, a yi sadakar uku da ta bakwai, kowa ya ce Allah ya jiƙan rai, a watse. Matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ta fito ta tarar da takardun biyan haƙƙinsa na yawo daga ofis zuwa ofis.

Akwai ma wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a majalisa: "Ai aikinsa ne, albashi yake ci." Ban san butulcin da ya fi wannan ba. Albashin nawa ne? Mai faɗin haka yana nome gonarsa, yana cin kasuwa, yana kwana da ƙofa a buɗe, bai taɓa tambayar kansa wa ke kwana a rami saboda shi ba.

Mu da muke maƙwabtaka da Sifawa da Bodinga, inda Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi suka zauna, ba mu da uzuri. An fi shekara 200 da yaƙin Tsuntsuwa, amma har gobe ana ambaton mahaddatan Alƙur'anin da suka yi shahada a can, domin Muhammadu Bello ya rubuta, malamai kuma suka karantar. Kafin su, da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya faɗi a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya je gidansa da kansa, ya rungumi 'ya'yansa, ya sa a dafa wa iyalin abinci.

Gwamnati na ajiye furanni kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ba laifi, sai dai fure ba ya biyan kuɗin makaranta. Abin da ke hannunmu ya fi kusa: limami ya ambaci yaron da sunansa, dagaci ya raka matar zuwa Sakkwato bin takardu, wanda ya yi girbi ya aika da dami gidan tun ba a roƙa ba, a kuma sake aikawa baɗi.