Mayyar Takarda Da Mayyar Unguwa

Kwanan baya wani malamin makaranta, abokina ne tun muna yara, ya zo mini da wani ƙaramin littafi na Turanci wanda ya karɓe a hannun wata yarinya 'yar ajinsa, ana cikin darasin lissafi ita kuwa tana karatunsa a ƙarƙashin tebur. A bangon littafin an zana wata budurwa da baƙar hula mai tsini, ga baƙar kyanwa a gefenta, ga kuma wani saurayi yana dubanta yana murmushi. Abokin nan nawa ya ce, "Malam, dubi abin da yaranmu su ke karantawa. Mayya ce fa, wai kuma ita ce abar yabo cikin labarin, har ana neman aurenta. In ƙone shi, ko in mayar mata?" Na ce ya bar mini shi kwana uku. Na karanta, na yi dariya a wurare da dama, amma da na rufe shi sai wani tsohon baƙin ciki ya taso mini. Amsar da na ba shi ita ce na ke so in shimfiɗa muku a nan, ya ku 'yan makaranta, gama maganar taku ce.

Da farko bari mu san irin littattafan. A Ingila da Amurka suna da kasuwa ƙwarai, tafarkinsu kuwa kusan ɗaya ne. Za ka ga budurwa a ɗan ƙaramin gari, ta gaji tsibbu wajen kakarta, tana haɗa saiwoyi da ganyaye, tsibbun nata ya kan kuskure ya jawo abin dariya, sa'an nan wani baƙo ya zo garin, su yi ta faɗa, daga ƙarshe su yi aure. Wata marubuciya, Alice Hoffman, ta fitar da irinsa a 1995, sunansa Practical Magic, labarin wa da ƙanwa mata 'yan gidan masu tsibbu. Tun kafin wannan, daga 1964 zuwa 1972, an yi ta nuna wani wasan ban dariya a talabijin na Amurka mai suna Bewitched, inda irin matar nan ta auri wani ma'aikaci talaka wajen asiri, tana ɓoye wa maƙwabta halinta. Ku lura, wannan da mu ke fassarawa da mayya ba ta yi kama da mayyar da a ke faɗi a ƙasarmu ba. Tamu an ce ƙanƙara gare ta a ciki, tana kama kurwar mutum ta ɓoye, ya yi ta ramewa har ya mutu. Tasu kuwa ba ta cin kowa, ta fi kusa da bokanya mai fara'a.

To, halal ne mai hankali ya ɓata lokacinsa kan abin da ya san ƙarya ne? Ni dai ban ga laifi ba, muddin ba a tsakiyar darasi ba ne. Wane ne cikinmu bai zauna gaban kakarsa da dare ba, ta ce ga ta nan ga ta nanku, ya ce ta zo mu ji ta? Dodo ya yi magana, Gizo ya auri 'yar sarki, aljana ta fito daga cikin tsamiya, ba wanda ya tashi da safe ya kai ƙara wurin alkali. Dare Dubu Da Ɗaya cike ya ke da aljanu da masoya, malamai kuwa sun daɗe suna karanta shi da Larabci tun ba a juya shi da Hausa ba. Haka kuma gasar da Dokta East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda jaruminsa ya kai har ƙasar aljanu. Duk waɗannan suna da ƙofar shiga da ƙofar fita. Mai tatsuniya ya kan buɗe da ga ta nan, ya rufe da ƙurunƙus, watau ya gaya maka da bakinsa cewa wasa ne. Bangon littafi ma aikinsa ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san ta zub da ruwa.

Wani zai ce, ai irin wannan karatu shi ke koya wa yarinya neman asirin mallaka, ko saurayi ya tafi wurin boka don a juyo masa da zuciyar wadda ba ta son sa. Wannan magana tana da nauyi, gama Musulunci da Kiristanci duk sun hana sihiri, kuma ko ba don hani ba, son da a ka samu da turare da laya, in ma a ce yana samuwa, ai kamun bawa ne. Amma ku duba abin da littafin kirki ya kan yi da wannan. Cikin Jiki Magayi, wanda Malam John Tafida da Dokta East su ka rubuta, wani attajiri ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, shi kuwa ya shiga duniya neman mugun magani don ramuwa. Ya samu, ya lalata ɗan da a ka haifa, gida ya rushe, shi kansa bai tsira da kome ba. Wanda ya karanta wannan ya tashi da sha'awar zuwa gidan boka, lalle da ma can da ita ya zauna. Ma'auni dai shi ne: in littafi ya nuna maka so ba ya zama so sai da yardar mutum biyu, karanta shi. In ya nuna maka ana samun mutum kamar yadda a ke kama kurciya da tarko, ajiye shi.

Inda haɗarin ya ke wani wuri ne dabam. Ku tambayi kanku, yaya a ka yi Turawa su ka iya mai da mayya abar wasa? Ba haka su ka taso ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin wajen 1450 da 1750 an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai bisa tuhumar maita, mafi yawansu mata. Sarki James na Sikotilan da kansa ya wallafa littafi kan mayu a 1597. A Amurka, cikin garin Salem, a 1692, waɗansu yara mata biyu, ɗaya shekararta 9, ɗaya 11, su ka kama faɗuwa suna ihu, a ka matsa musu su faɗi mai yi musu haka, su ka kama sunaye. Kafin wutar ta mutu an tuhumi mutum kusan 200, an rataye 19, an danne wani tsoho da duwatsu har ya cika. Daga baya hankali ya komo. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye cikin majami'a a ka karanta takardar tubansa. A Ingila kuma dokar 1735 ta kawar da shari'ar maita, ta ce wanda za a hukunta shi ne mai da'awar yana da wannan iko, a kan yaudara. Sai da a ka daina rataya tukuna a ka fara dariya. A 2005 har an kafa gunkin matar nan ta Bewitched, tana bisa tsintsiya, a tsakiyar Salem ɗin, ko da ya ke waɗansu mutanen garin ba su ji daɗi ba, su ka ce ba a wasa a kan kabari.

Mu fa, mun kai nan? Bari in ba ku labarin da ya sa na yi baƙin ciki. Ina yaro, a ƙauyenmu akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ba ɗa ba jika, idonta ja saboda hayaƙin murhu, ta kan yi magana ita kaɗai. Mu yara mu kan bi ta nesa da nesa muna cewa kurwata kur. Wata damina ƙanen wani abokina ya kamu da zazzaɓi mai zafi, yana fizge-fizge yana sambatu. Mata su ka kewaye shi suna tambaya, "Wa ka gani? Faɗi, wa ka gani?" Yaro bai ce kome ba. Ni ina bakin ƙofa, sai na ce ai jiya na gan ta ta shafa kansa a bakin rijiya. Gaskiya ne kuwa ta shafa, ta kan shafa kan ko wane yaro. Kafin la'asar an jawo ta, an tuɓe mata zane gaban jama'a, an tilasta ta ta tsallake shi sau uku. Yaron ya rasu da dare. Ita kuwa ba wanda ya sake sayen daddawarta, ba mai ba ta wuta, ba mai amsa sallamarta, kafin kaka ta bar garin, ban san inda ta ƙare ba. Sai da na yi karatu na gane cewa zazzaɓin cizon sauro in ya hau ƙwaƙwalwar yaro haka ya ke sa shi fizga da sambatu, sanƙarau ma haka. Wani likita Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jini tun 1880, Ronald Ross kuma ya same ta cikin sauro a 1897. Abin da yaron nan ya ke bukata asibiti ne, wunin da a ka ɓata wajen tsallake kuwa da an kai shi. Hausawa sun ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. Ni abin da ban manta ba shi ne ni na kama sunanta.

Kun ga bambancin? Abin da na faɗa a bakin ƙofar nan shi ma labarin mayya ne, amma ba shi da ga ta nan, ba shi da ƙurunƙus, wadda ke cikinsa kuwa tana da fata da jini. Ban zo in yi gardama da kowa kan abin da ke ɓoye ba, wannan fagen malamai ne. Amma ba malamin da zai ce maka sambatun mai zazzaɓi hujja ne, shaidar zur kuwa Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki duk sun la'ance ta. Ku duba kuma waɗanda a kan kama: tsohuwa, gwauruwa, matalauciya, wadda ba ta da mai tsaya mata. Da wuya ka ji an tuɓe uwar mai kuɗi a dandali.

Kada ku ce wannan zancen dā ne. A arewacin Gana akwai wuraren da matan da a ka kora bisa wannan tuhuma su ke fakewa, wanda a ka fi sani shi ne na Gambaga. A watan Yuli na 2020 a ka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu a garin Kafaba, mutane na tsaye suna kallo. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bakin hukumarta ta kare haƙƙin ɗan Adam, ta yi kira ga ƙasashe su hana irin wannan ɓarna. A Nijeriya kuwa doka ta daɗe da hanawa: sashe na 210 na dokar laifuffuka ta Kudu, da sashe na 216 na ta Arewa, sun ce laifi ne ka kira wani maye, ko ka yi masa barazanar kiransa haka. Doka tana nan a rubuce, amma ɗan sanda ba ya bakin ƙofar ɗakin majinyaci. Ku ne ke wurin.

Sabo da haka na ce wa abokina ya mayar wa yarinyar littafinta ranar Juma'a bayan an tashi, ya yi mata faɗa kan lissafin da ta bari, sa'an nan ya tambaye ta tambaya guda: in gobe a ka nuna wata tsohuwa a unguwarku a ka ce ita ce, me za ki ce? In ta iya jin tausayin mayyar takarda, wadda mutanen garinta su ke gudu ba da laifinta ba, har ta yi murna da ta sami miji, to, littafin ya riga ya koya mata rabin amsar. Saura ta ɗauki tausayin nan ta fita da shi waje, inda ya ke da tsada.

Kada kuwa ku raina kanku don ƙuruciya. Cikin waɗanda a ka yanke wa hukuncin kisa a shari'ar Salem akwai wata budurwa, Elizabeth Johnson, a 1693. Ba a kashe ta ba, amma da a ka zo wanke sunayen sauran sai a ka tsallake nata. Waɗansu 'yan makaranta na garin North Andover, tsararrakinku, su ka binciko labarinta tare da malamarsu, su ka kai kuka ga majalisar jiharsu, a 2022 a ka wanke ta, bayan shekara 329. Yara su ka fara kama suna a can, yara kuma su ka wanke na ƙarshe. Ni ban sami wannan dama ba, gama ban san ko kabarin mai daddawa ba, balle in nemi gafara. Ku da sauran lokaci, ku karanta tatsuniyarku ku yi dariya, amma in an kewaye majinyaci ana tambayar wa ya gani, ku ce a nemo mota a kai shi asibiti. Magana zarar bunu ce. Allah ya tsare bakunanmu daga alhakin marasa gata, amin.

Haza wassalam.