Launin Ja: Tsakanin Ayar Allah da Tarkon Boka

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci launuka Ya sanya su aya ga masu hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Gure da kewaye, mun tashi tun ƙuruciya muna jin tsoron launin ja. A tatsuniya, idanun Dodo jajawur suke kamar garwashi. Finafinan ban tsoro da samarinmu ke kallo a wayoyi su ma da jini da jajayen idanu suke razana mai kallo. Da a nan abin ya tsaya, da mun ce wasan yara ne. Amma ya shiga aƙida. Idan ciwo ya daɗe a gida, sai boka ko ɗan bori ya ce iska na neman jan zakara, ko jan bunsuru, ko jan ƙyalle. Sai magidanci ya ɗauki dabbar da ya tanada don lokacin da hatsi zai yanke, ya miƙa, majinyaci kuwa bai ga likita ba.

To, mu duba abin da addini ya ce. A cikin Suratu Faɗir, aya ta 27, Allah Maɗaukaki Ya ambaci farare da jajaye da baƙaƙen zane na duwatsu cikin alamun ikonSa. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Bara'u ɗan Azibu ya ga Manzon Allah (SAW) sanye da jajayen tufafi, ya kuma yaba kyansa. A yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, Annabi ya sanar da Sayyidina Aliyu cewa shiryar da mutum ɗaya ta hanyarsa ya fi masa jajayen raƙuma, domin su ne mafi daraja a dukiyar Larabawa. Mu ma muna da jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Malamai sun yi saɓani game da namiji ya sa ja zalla, amma wannan magana ce ta ladubban sutura. 

Haka jan da ke bayyana a yamma bayan faɗuwar rana. Gaskiya ne Annabi ya yi umurni a tsare yara a gida da almuru, saboda shaiɗanu na bazuwa a lokacin. Amma shi kansa jan, shafaƙi ne, kuma a mazhabar Imamu Maliku gushewarsa ce ke shigar da lokacin Isha'i, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a Risala. Abin da Allah Ya sanya ma'aunin salla, yaya zai zama tutar iblis?

Haɗarin yana ga jinin da ake zubarwa. Muslimu ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Annabi ya la'anci wanda ya yi yanka domin wanin Allah. Zakara ja ne ko fari, hukunci ɗaya ne: shirka ce, naman kuma mushe ne.

Akwai kuma zalunci. Tsohuwar da idanunta suka yi ja sai a fara raɗa cewa mayya ce, a janye yara daga ƙofarta. Alhali hayaƙin murhu na shekaru da rairayin da iskar hunturu ke watsa mana a wannan ƙasa ta Muniyo sun isa su janye idon kowa. Maganin ido take buƙata da tausayawa, kuma wanda ya yi mata ƙazafi zai tsaya da ita gaban Allah.

Saboda haka, wanda ciwo ya same shi ya nufi likita, ya yi ruƙiyya da Fatiha da Falaƙi da Nasi, dabbar kuwa in ya so ya yi sadaka da ita domin Allah. Wanda ya riga ya yi yanka ga iska ya gaggauta tuba, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga shirka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.