Wake Kafin Shinkafa

Shekarar farko da ƙanwata ta zauna jarrabawar JAMB, Bayoloji ce 'yar lelenta. Zanen zuciya da na ƙoda duk sun cika bangon ɗakinta. Fiziks kuwa kullum sai gobe, Kemistiri sai in an ga dama. Ga shi mai neman likitanci darussa huɗu yake rubutawa, har da Turanci, kowanne maki 100, jimla 400, kuma kwamfutar ba ruwanta da wanda ka fi so. Sakamako ya fito, Bayoloji ta yi kyau, Fiziks ta ja ta ƙasa. Karatun likita a Zariya ya wuce ta a shekarar.

Kwana uku tana kumbure-kumbure. A na huɗu Inna ta ce ta tashi ta ɗora mana garau-garau. Hankalinta ba ya jikinta, ruwa na tafasa ta juye wake da shinkafa lokaci guda. Da aka sauke, shinkafar ta caɓe kamar za a tuƙa tuwo, waken kuwa garas-garas a baki.

Inna ta ɗanɗana, ta ajiye cokali.

"Ke 'yar nan, wa ya koya miki haka? Wake ake fara sawa da 'yar kanwa, sai ya ɗauko nuna shinkafa ta bi. Gishiri kuma ba a manta shi."

Na yi dariya, na ce ai irin girkin da ta yi wa JAMB ke nan. Ta harare ni. Bayan isha'i sai ga ta da littafi da biro a ƙofar ɗakina.

"Yaya, wanne ne waken?"

Fiziks da lissafin Kemistiri, na ce mata. Ba a haddace su, sai hannu ya saba, kuma hannu yana son watanni. Muka ba su bayan asuba, lokacin da kai yake wasai. Ta fara da lissafin mol, wanda ta daɗe tana tsallakewa, ta koma kan asid da alkali, sannan mahaɗan kabon. Na hana ta taɓa babin numfashin ƙwayar halitta sai ta san mene ne gulukos da yadda iskar oksijin ke ƙona shi. A da haddar aku take yi masa. Bayoloji muka tura ta yamma, muka bar nauyinta zuwa watanni biyu na ƙarshe, don abin hadda in ya daɗe a kai yakan zube. Turanci kuwa kullum kaɗan-kaɗan, tunda shi kaɗai ke da tambayoyi 60 cikin 180. Ranar Asabar na riƙe agogo, ta yi tambayoyin shekarun baya, awa biyu cif, ko ruwa ba ta tashi sha.

Makonnin farko da ƙyar aka sha. Har kuka ta yi a kan lissafin wutar lantarki, ta ce ita mutane za ta duba, ba waya ba.

Wani dare ina kwance ta turo ƙofa ba sallama, littafin Fiziks a buɗe a babin haske, ɗaya hannun riƙe da tsohon zanen ido da ta ɓamɓaro daga bango.

"Yaya, ashe idon nan da nake ta zanawa tabarau ne a cikinsa!"

Inna ta ɗaga murya daga ɗakinta, ta ce a rage fitila, dare ya yi.